Dillali, maigida da ɗan baranda: wa zan kama idan ciniki ya lalace?

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi. Kawuna da ke Bawku ya fara turo shanu in tsaya masa a kansu, ya ce in kai su hannun maigidansa a kasuwar shanu ta Kaase. Da na je, maigidan bai sayar da kansa ba, sai ya kira wani ya ce ga dillali. An sayar da bijimai uku, an cire la'ada, amma ɗaya bashi aka ba wani mahauci. Ina jin ana cewa dillali, ana cewa ɗan baranda, ɗan kamasho, ejan, ni kuwa duk ɗaya na ɗauke su. Don Allah mece ce ma'anar dillali, ina aikinsa ya tsaya, wa ke biyansa, kuma in mahaucin nan bai biya ba wa zan kama?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa kawu ya ji daɗin aikenka. Tambayoyinka huɗu ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su: a lokacin da ake ciniki kayan na wane ne, kuma in asara ta zo a kan wa za ta sauka? Wanda ya san wannan ba ya rikita dillali da ɗan baranda, ko da riga iri ɗaya suka sa, a inuwa ɗaya suke zaune.

Dillali shi ne mutumin da ke shiga tsakanin mai kaya da mai saye, ya haɗa su, ya ja ciniki har a kai ga sallama, a biya shi wahalarsa. Kayan ba nasa ba ne. Bai saya ba, bai biya kuɗin mota daga Bawku ba, bai sayi harawa ba, in kasuwa ta faɗi ba jarinsa ne ya karye ba. Jarinsa ido ne da baki da sanin mutane. Kalmar daga Larabci muka aro ta, dallal, tushenta ɗaya da dalili, wato mai nuni, mai cewa ga mai kaya can, ga mai so nan. Mace dillaliya, jam'i dillalai, sana'ar kuma dillanci. A karatun fiƙihu za ka fi jin malamai na cewa simsar, duk shi ne. Abin da ake ba shi la'ada, kuma kalmar 'yar'uwar al'ada ce: abin da kasuwa ta saba bayarwa. Riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Rediyo da jarida sun faɗaɗa kalmar har ta fi ƙarfin kasuwa. Ana cewa kamfanin dillancin labarai, kamar na Gana da aka kafa a 1957, kuma wannan ya zauna daidai, tunda shi ma ɗauko labari yake daga inda ya faru ya miƙa wa gidajen jarida. Amma ana kuma cewa dillalan man fetur, dillalan siminti, dillalan motoci, alhali yawancinsu da kuɗinsu suke sarowa su sayar. A kasuwa waɗannan 'yan sari ne, ko dila kamar yadda yara ke faɗa. Ba laifi a labarai. A gaban shanun kawunka kuwa bambancin kuɗi ne.

Maigida daban, dillali daban

Tsarin da ka tarar a Kaase ya girmi kakanka. Tun zamanin fataucin goro na Gwanja, ayarin Hausawa kan yi watanni a hanya daga Kano da Katsina da Sakkwato su sauka Salaga da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goron ƙasar Tonawa, wato Ashanti. Baƙon da ya iso bai san farashin yau ba, bai ji harshen gari ba, bai san mai gaskiya da maƙaryaci ba. Dole ya sauka a hannun wani. Wannan shi ne maigida, wasu su ce fatoma: ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya sa yaransa su nemo masu saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran wurare, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, Zangon Kumasi ya cika. Masu gida suka taho da tsarinsu yadda yake. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi nazarinsa a kasuwar shanun Kumasi ta wallafa a 1966, kuma wanda ya tsaya a Kaase yau, ko a kasuwar shanu ta Turaku kusa da Ashaiman, zai ga ƙashin bayan abin bai canza ba. Mota ta maye gurbin kora da ƙafa, waya ta maye gurbin ɗan aike, shi ke nan.

Saboda haka maigida ba dillali ba ne, ko da yake yawancin masu gida da dillanci suka fara, kuma wani maigidan yakan tashi ya yi cinikin da kansa in baƙon babba ne. Maigida yana da suna, yana da gida a gari da ba zai gudu ya bari ba, yana da baƙi da suke dawowa wurinsa shekara da shekaru. Dillali yana aiki ƙarƙashin inuwarsa, ko kuma yana zaman kansa yana bin duk inda aka kira shi. Dillali ciniki ɗaya yake kallo. Maigida shekara ashirin yake kallo, domin in ya cuci kawunka sau ɗaya, labarin zai riga motar komawa Bawku, kuma ba kawunka kaɗai zai rasa ba.

Ga yadda aikin dillali yake in ka tsaya kusa. Kafin mai saye ya zo, ya riga ya zagaya san. Ya ɗaga leɓe ya duba haƙoran gaba na ƙasa don ya san shekaru, ya matsa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya kama gindin wutsiya ya ji kitse, ya sa a kora shi taku biyar ya ga ko yana ɗingishi, ya duba hanci da ido da kashi. Daga nan ya ƙiyasta naman da zai fita, don mahauci nama yake saye, ba ƙaho ba. Sai ya ja mai kaya gefe ya tambaye shi ƙasan da ba zai sauka ba. Mahauci ya iso, dillali ya ce "taya". A ɗauka ya taya sidi dubu tara. Dillali ya ce "albarka", wato ba a sallama ba. Mahauci ya kushe san, ya ce tafiya ta cinye shi, ya juya kamar zai wuce. Dillali ya riƙo hannun rigarsa, ya ce "Sarkin fawa, dubi ƙirjin nan ka ji tsoron Allah", ya ƙara masa ɗari biyar a baki, ya koma wurin mai kaya ya rage masa ɗari biyar a kunne. Haka zai yi ta kai da komo har tazarar ta rufe, ya haɗa hannuwansu, mai kaya ya ce "na sallama, Allah ya sa albarka". Daga wannan kalma sa ya fita daga hannun kawunka. Kafin ita, ko an yi awa biyu ana magana, babu ciniki.

Ka lura, amfanin dillali ba ga haɗawa kaɗai ya tsaya ba. Shi shaida ne. In bayan kwana uku wani ya zo ya ce san nan nasa ne aka sace, dillali da maigida ake nema su faɗi wanda ya kawo shi. Shi ya sa maigidan kirki ba ya karɓar dabba daga hannun wanda bai sani ba, kuma yake son ganin takardar likitan dabbobi da ta rako mota. Kai ma ka riƙa ajiye kwafinta.

La'ada: wa ke biya, yaushe, nawa

Babu adadi ɗaya da ya game kasuwanni. A wajen dabbobi an fi yanke kuɗi tsayayye a kan kowane kai, na sa daban, na rago daban. A wajen albasa da hatsi a kan buhu ake lissafi. A wajen gida da fili da mota kaso ake cirewa cikin ɗari. Wanda ke biya ma ya bambanta: wata kasuwa mai saye ne ke ɗora la'ada a kan kuɗin da aka sallama, wata a cikin kuɗin mai kaya ake cirewa, wata kowa ya ba da nasa. Adadin kuma yana tafiya da darajar sidi, abin da aka biya bara ba lalle ne shi ne na bana ba. Don haka ba daga bakina za ka ɗauki adadi ba, daga bakin maigida za ka ɗauka, a gaban mutum biyu, kafin a kwance igiya. Ka tambaye shi da kalmomin nan: "Baba, kuɗin da za a sallama, da la'ada a ciki ne ko ban da la'ada?" Rabin rigimar kasuwa daga rashin wannan tambaya take fitowa. Ka kuma tambayi abin da ake cirewa bayan la'ada, domin akwai kuɗin shiga kasuwa, kuɗin yaran da ke tsaron dabbobi da dare, ruwa da harawa. Waɗannan ba la'ada ba ne, kuma ya kamata kowanne ya fito da sunansa a lissafin da za ka aika wa kawu.

La'ada tana wajaba ne in ciniki ya faɗa. Dillalin da ya yini yana kai da komo ba a sallama ba, ba ya bin kowa komai, sai dai a ba shi na goro don kunya. Wannan ne ya sa dillali yake son a sayar, ko da farashin bai kai yadda mai kaya ke so ba. In la'adarsa tsayayya ce, sa ya tafi a dubu goma ko a dubu goma sha ɗaya duk ɗaya ne a aljihunsa, amma kwana ɗaya da aka ƙara asara ce gare shi. Ba mugunta ba ce, haka lissafin yake. Saboda haka in dillali ya ce maka "sallama kawai, kasuwa ta mutu", ka ji, amma ka zagaya da ƙafarka ka ga motoci nawa suka sauke yau, ka ji nawa aka sallama irin naka. Wani lokaci gaskiyarsa ce, domin dabbar da ta kwana uku a turke tana ramewa tana cin kuɗi. Wani lokaci kuma sauri yake ya tafi wani cinikin.

Akwai hanya ta biyu da ake biyan dillali. Mai kaya ya ce: "Ina son dubu goma a hannuna, abin da ya hau naka ne." Wannan ya halatta in an faɗe shi a fili, har Bukhari ya kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mutum ya ce sayar da wannan tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Malamai sun yi saɓani a kan wannan siga saboda ladan ba sananne ba ne tun farko, amma ana yin ta. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne dillali ya sayar a dubu goma sha ɗaya, ya zo ya ce dubu goma aka sallama, ya haɗiye dubu, sannan ya miƙo hannu a ba shi la'ada. Maganin wannan ɗaya ne: ka tsaya a wurin lokacin sallama, ka ji adadin daga bakin mai saye. A ganina baƙon da bai san kasuwa ba kada ya yarda da "abin da ya hau naka ne", domin shi bai san inda saman yake ba, dillali kuwa ya sani.

Sauran sunayen

Ɗan baranda yana saye ne da niyyar sayarwa nan take, a kasuwa ɗaya, sau da yawa a yini ɗaya. Ya tari mota da asuba, ya sayi sa a hannun baƙon da ya gaji, ya ja shi taku hamsin ya ɗaure, ya sayar da hantsi da riba. Wani ma ba ya biya sai ya sayar. Da zarar an sallama masa, kayan nasa ne: in ya ci riba tasa, in san ya faɗi ya mutu nasa. Shi ba la'ada yake ci ba, riba yake ci. Sana'a ce, ba zagi ba. Inda ta ɓaci shi ne mutum ya zo maka da rigar dillali alhali baranda yake yi: ya ce bari in nemo maka mai saye, ya turo yaronsa ya taya da arha, ya matsa maka ka sallama, ashe wa kansa ya saya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda aka wakilta ya sayar ba ya sayar wa kansa sai da sanin mai kaya. In yana so, ya cire rigar dillali ya ce "ni zan saya", a yi ciniki da shi kamar kowa.

Ɗan kamasho ɗan'uwan dillali ne na kusa, kalmar ce kawai ta zo daga Turanci, kuma an fi jin ta a tasha, wurin masu tara wa direba fasinja da kaya. Ejan kuma, ko wakili, na mutum ɗaya ne. Ejan ɗin da ke fitar maka da kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema naka ne, kai yake wa aiki, da sunanka yake sa hannu. Dillali a tsakiya yake, dole kowane ɓangare ya iya yarda da shi. Kai kanka, a wannan harka, wakilin kawunka ne. Ba ka da ikon sauka ƙasa da abin da ya yanke maka, ba ka da ikon ba da bashi sai ya yarda.

Ga kuma waɗanda mutanen Gana ke kira goro boys, masu tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa kawo in yi maka hanya. Kalmar goro tamu ce, amma aikin ba dillanci ba ne, domin ba mai kaya, ba mai saye, layi kawai ake sayar maka, wani lokaci da takardar bogi a kai.

Kada in manta da dillaliya, don ita ta fi kowa shiga gidajen Zango. Tana ɗaukar atamfa da leshi da kwanuka da sarƙa daga ɗakin wannan ta kai ɗakin waccan, ta sayar wa matar da ba ta son a san ta sayar da kayan ɗakinta. Rufin asiri shi ne rabin sana'arta. Matsalarta kullum ɗaya ce: an ba ta kaya ta sayar hannu da hannu, ita kuma ta bayar a biya kaɗan-kaɗan don ciniki ya faɗa, mai kaya ta zo neman kuɗinta, sai a fara "ai ba su gama biya ba". Hukuncinta da na dillalin shanu ɗaya ne.

To, bashin mahauci

Asali dillali amintacce ne, ba mai lamuni ba. In kaya suka lalace a hannunsa ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Yana biya ne in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka ce masa: an ce kada ka sauka ƙasa da kaza ya sauka, an ce kuɗi hannu ya ba da bashi, an ce ka sayar a nan ya ɗauki kaya ya kai wata kasuwa suka ɓata a hanya. Mahauta kuwa tun da can da bashi suke saye. Mahauci ya karɓi sa yau, ya yanka, ya rarraba wa masu tebur da masu tsire da masu abinci, kuɗi ya dawo cikin kwanaki, ya biya. Baƙo daga Bawku bai san wane mahauci ne ke cika alkawari ba, maigida ya sani. Saboda haka a tsarin gargajiya bashin nan da lamunin maigida ake ba da shi: in mahauci ya gaza, maigida ya biya baƙonsa daga aljihunsa, shi ya bi mahauci. Wannan lamuni shi ne babban abin da kawunka ke saye da ya ce ka kai shanu hannun maigidansa.

Don haka kada ka je rumfar mahauci kana ɗaga murya, kada kuma ka kama wuyan dillali. Ka koma wurin maigida da ladabi ka tambaye shi abu uku: bashin nan da saninka aka bayar, wace rana ce ranar biya, kuma in ranar ta wuce kai ne za ka cika? In ya ce eh, ka kira kawu a gabansa ka maimaita, ka rubuta ranar. In ya ce shi bai sani ba, dillali ne ya yi gaban kansa, to nauyin ya koma kan dillali, amma har yanzu ta hannun maigida za ka bi, tunda shi ya kira shi ya haɗa ku. Ka sani kuma ba kowane mai kiran kansa maigida a yau ke ɗaukar lamuni ba. Wasu masauki da turke kawai suke bayarwa. Shi ya sa ake tambaya tun kafin a sauke dabba daga mota. In magana ta ƙi, akwai shugabannin kasuwa da sarkin fawa, kuma mahaucin da aka hana shi saye a kasuwa ya fi jin zafin wannan a kan sammaci. Bayan su akwai Sarkin Zango. Kotu tana nan, amma kotu takarda take so, ciniki na baki kuwa shaidu kawai gare shi.

Abin da shari'a ta hana a wannan fage sananne ne. An hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ɗaga farashi a kan mai saye na gaskiya. Dillalin da ke cewa "yanzu wani ya taya dubu goma sha biyu na ƙi" alhali ba wanda ya taya, a wannan layin yake. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. An hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa bayan an daidaita. An hana ɓoye aibi: in dillali ya san saniya tana da ciwo ya yi shiru, mai saye yana da ikon mayarwa. Kafin alƙalami kuma, wato kuɗin da ake ajiyewa a riƙe kaya, a Malikiyya in ciniki bai yiwu ba mayar da shi ake yi, ba a cinye shi, Hambaliyya ne suka yarda a riƙe. Wannan a taƙaice ne. In rigima ta kai ga a ce wane zai biya wane, ku zauna gaban malamin da zai ji bakin kowa, domin kalma ɗaya da aka faɗa lokacin sallama tana juya hukunci.

Tunda a birni kake, gobe za ka haɗu da dillalin da ba na shanu ba. Dillalin ɗaki a Kumasi ko Akra yakan karɓi kuɗin zagayawa kafin ya nuna maka komai, sannan in an daidaita ya nemi kasonsa, wanda aka fi ji shi ne goma cikin ɗari na kuɗin hayar da aka biya gaba. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma masu gidaje shekara ɗaya ko biyu suke nema, kuma kason dillali a kan jimlar yake hawa, don haka ba shi ne zai roƙa maka ragin watanni ba. Kada ka ba dillali kuɗin haya. Ka ba mai gidan hannu da hannu, bayan ka tabbatar shi ne mai gidan ta bakin maƙwabta, ka karɓi rasit. Tun 2020 akwai dokar da ta ce mai dillancin gidaje da filaye sai da lasisi, kuma kana da ikon ka nemi gani. In fili ne, maganar dillali ba hujja ba ce ko da ya rantse, sai an je hukumar filaye an bincika sunan da ke kan takarda, kuma gara lauya ya yi maka wannan. Haka masu dillancin hannun jari a kasuwar hannun jari ta Gana, da ta fara aiki a 1990, da masu dillancin inshora, duk da lasisin hukuma suke aiki. Tufafinsu daban, amma ma'anar ita ce ta Kaase: kayan ba nasu ba ne, kamasho suke ci.

Abu na ƙarshe da nake gaya wa duk yaron da aka ɗora a kan dukiyar wani: ka sayi ƙaramin littafi. Kowace dabba ka rubuta kamanninta, ranar da ta sauka, ƙasan da kawu ya yanke, wanda ya saya, dillalin da ya tsaya, adadin da aka sallama, abin da aka cire da sunansa, da ranar biya in bashi ne. In ta waya aka turo kuɗi, kada ka yarda da saƙon da aka nuna maka a wayar wani, ka duba ma'aunin asusunka da kanka, ka kuma san wa zai ɗauki kuɗin cirewa. Ka rubuta adadi da lamba, ka faɗi irin kuɗin. Tun da aka canza sidi a 2007 aka cire sifiri huɗu, har yau dattawa da yawa da tsohon lissafi suke magana: wanda ya ce maka miliyan ɗari da ashirin, sidi dubu goma sha biyu yake nufi. In kuma ciniki ya haɗa ka da mutanen Nijar, kamar masu albasa, su da sefa suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya sefa dubu. Dillali ya iya duka ukun a ka, yana juya su cikin numfashi ɗaya. Kai ka sa ya maimaita a sidin yau, a gaban mai saye, sannan ka ce ka sallama.